Gaisuwar da Na Yi a Gidan Silima

Ran nan na shigo garin Kaduna daga Katabu don in duba wani tsohon abokin sana'ata da ke kwance a Unguwar Kanawa, sai direban bas ya sauke mu inda ba mu saba sauka ba, wai an tare hanya. Na ɗan taka, na ɗaga kai, sai na ga ina tsaye daidai inda ƙofar gidan silimarmu take a da. Babu katangar, babu 'yar tagar nan da ake zura hannu a karɓi tikiti, babu allon da ake liƙa hotuna. An yi bene, shaguna a jere, rabinsu na masu waya ne, ana caji, ana gyara, ana tura wa mutane finafinai. Ba rushewar ce ta ɓata mini rai ba. Abin da ya tsayar da ni wani dattijo ne, furfurarsa ta fi tawa, carbi a hannu, ya miƙa wayarsa yana cewa, ko sassauta murya bai yi ba, "Ka cika mini ita, na faɗa da na ban tsoro, kada ka sa mini irin na jiya." Da rana tsaka, a bakin titi, kowa na ji, kuma babu wanda ya waiwaya. Na tsaya ina kallonsa har mai shagon ya ce, "Baba, kai ma a tura maka ne?" Na wuce abina, don da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba zai yi daɗi ba.

A wannan filin aka kusa hana ni matar da muka tsufa tare, kuma saboda shi na ɗauki wani alkawari da har yau yake wuyana. Zan faɗi abin yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, don yawancin waɗanda ke cikinsa sun rasu, kuma ina tsoron in yi wa mamaci ƙarya.

Yaran yanzu ba za su san nauyin a ce da mutum ɗan silima ba. A zamaninmu in aka kira saurayi haka, an haɗa shi ke nan da mashaya da 'yan caca da masu kwana a tasha, ko da kuwa bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Kawuna da ya riƙe ni, ya koya mini ɗinki bayan na gama firamare, yakan ce shi yaron da ƙafarsa ta san hanyar silima ba zai bar masa makullin shago ba. Yana faɗa ina taka keken ɗinki, kaina a sunkuye, don tawa ƙafar ta san hanyar sarai. Sau ɗaya nake zuwa a mako, ranar Asabar, kuma ban taɓa tafiya ban yi isha'i a jam'i ba. In an sallame sai in naɗe hulata in tura aljihu, in bi ta lungun masu wanki, in zagaya ta bayan makaranta, hanyar da ta ninka ta gaba tsawo, ina tafe ina istigfari. Dawowa ma istigfarin ne. Ban taɓa jin daɗin abin cikakke ba, ban kuma taɓa iya dainawa ba.

Gidan ba shi da rufi. Doguwar katanga ce da bencina da wani farin bango a gaba. Kana zaune taurari na samanka, hasken majigi ya ratsa ta kan kawuna kamar igiyar shanya, ƙwari na yawo a cikinsa. Ƙarar injin nan kuwa, har yau in keken ɗinki ya ɗau gudu ita nake ji. Ana ɓare gyaɗa, ana shan rake, ƙamshin tsire na tsallako katanga. In fim ya tsinke, bango ya yi fari, sai fito da ihu su tashi, a yi ta zagin mai inji har ya haɗa. Turancin da ake yi a ciki ko rabinsa ba ma kamawa, da hanci suke magana, amma ba mu taɓa ɓata ba, don kowane benci da mai fassararsa, kuma ko ya shara ƙarya babu mai ƙaryata shi. Sunayen 'yan wasan ma ba ma wahalar da harshenmu a kansu, namu muke raɗa musu. Akwai wani ɗan leƙen asiri da muke kira Shiru-shiru, siriri ne, ba ya dariya, ba ya gaggawa, kuma duk sanda zai yi faɗa sai ya fara durƙusawa ya gyara igiyar takalminsa. Da ya kai hannu ƙasa sai gidan ya ɗauka baki ɗaya, "Sun shiga uku!" Akwai kuma Tsoho Mai Fitila na finafinan ban tsoro, wanda ba ya komai sai tafiya a hankali cikin wani kangon gida, amma in ya ɗaga fitilar ta haska fuskarsa, ƙarti majiya ƙarfi, direbobin manyan motoci da 'yan dako, sai ka ji suna salati. Ranar fim ɗinsa babu mai komawa gida shi kaɗai. Ayari ake yi, kowa na cika baki, kowa na neman tsakiya, in an zo gefen maƙabarta sai hira ta mutu, leɓɓa kawai ke motsi. Jikokina yanzu suna cin shinkafa suna kallon ana datse kan mutum a waya, cokali ko tsayawa ba ya yi. Na tambayi ɗaya ko ba ya jin tsoro, ya ce, "Kaka, ai fenti ne." Mu ma mun san fenti ne. Ba wauta ce ke sa mu salati ba, zuciyar ce ba ta riga ta bushe ba.

Sai kuma mujallu. A kasuwa nake samunsu wajen masu tsofaffin jaridu, wasu babu bango, wasu an yage tsakiyarsu, hotunan 'yan wasa ne da ɗan rubutu a ƙasa. Da yake na yi firamare, ni ne mai karatu. In kawu ya tafi sayen yadi sai abokai su cika shagon, in ɗora yatsa ina bin layi a hankali, in gaya musu irin motar da Shiru-shiru ke hawa, da cewa wai Tsoho Mai Fitila a gidansa furanni yake shukawa. Ranar da na karanta wannan har an so a dake ni, wai na ɓata musu shi. Samari kuma sukan nuna mini hoto a ɓoye su ce irin wannan wandon suke so, ko irin wannan kwalar. Kawu ya yi ta yabon idona a wajen yanka, bai san inda nake samo shi ba. A akwatin ƙarfe nake ajiye mujallun, ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni a kansu: matan da ke ciki babu ɗankwali, kafaɗu a waje, wasu ma abin ya wuce kafaɗa. Ba na iya jefar da su, ba na kuma iya barci ina sane da su a ɗakin da nake salla. Sai na samo dabara. Na riƙa yanka guntayen atamfa ina liƙa musu da sitaci, wannan in ɗaura mata kallabi, waccan in yafa mata gyale. Abokaina suka yi ta dariya har da hawaye, suna cewa na musuluntar da Turai. Ni dai na samu barci.

Yarinyar da nake nema 'yar wani malamin allo ce a unguwarmu, mutumin Kano, wanda ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Ba zan faɗi sunanta ba, ban saba ba, Hajiya nake ce mata yanzu. Ni ba gwanin zance ba ne. In na je, na gaishe ta, na tambayi mutanen gida, shi ke nan magana ta ƙare, sai mu tsaya a zaure ina kallon ƙasa tana wasa da bakin gyale. Wata rana da shirun ya ishe ni sai na fara ba ta labarin Shiru-shiru, na ce wani labari ne na sani. Ban yi ƙarya ba, na san shi ɗin. Ta gyara tsayuwa. Daga ranar, da na yi sallama sai ta ce, "To, ina aka kwana?" Ni kuma na gano cewa in na tsaya daidai inda ya fi daɗi, gobe ba sai na yi aike sau biyu za ta fito ba. Takan ce, "Kai mugu ne, Allah," ta shige gida tana tsaki. Abin da ban sani ba, in ta shiga tana sake ba matan gidan labarin wajen surfe, har wata gwaggonta ta ce, "Wannan dai ba tatsuniya ba ce. Tun da nake ban taɓa jin tatsuniya da jirgin ƙasa da bindiga ba."

Da manyana suka kai maganar aure, Malam ya miƙa ta ga ƙanensa, kamar yadda aka saba, shi ne waliyyi, shi zai yi bincike. Baffa muke ce masa, ɗan kasuwar goro ne, ƙaƙƙarfa, muryarsa in ya yi magana a wannan layin ana ji a wancan. Ya tambayi liman, liman ya ce ba a rasa ni a sahu. Ya tambayi maƙwabta, suka ce ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Mai shayin bakin layinmu ne ya ce, "Yaron kirki ne, sai dai ranar Asabar in an idar da isha'i hularsa kan ɓace." Baffa ya haɗa wannan da maganar gwaggo. Amma shi ma yana da nasa tsoron Allah, ya ce ba zai kai wa yayansa jita-jita ba, sai ya gani da idonsa. Ranar Asabar ya naɗe fuskarsa da mayafi kamar mai mura, ya biyo ni lungu lungu. Ni da nake kallon masu bin sawu kowane mako, ban waiwaya ko sau ɗaya ba. Ya ga na shiga. Da ya juya daga nan, da abin ya zo da sauƙi. Sai ya ce bari ya ga abin da nake yi a ciki, ko ina shan wani abu, ko da wa nake zama. Ya yanki tikiti ya zauna benci biyu a bayana.

Fim ɗin Shiru-shiru ne. An ɗinke masa wata takarda a cikin kwalar kwat, abin da ya burge ni ƙwarai a matsayina na tela, zai kai ta wata ƙasa, kuma wata mata mai jar riga tana taimakonsa a hanya. Can a tashar jirgi yana tsaye yana duba agogo, wani ƙato ya lallaɓo ta bayansa da guntun ƙarfe. Gida ya yi tsit. Sai wata murya ta fashe a bayana.

"Bayanka, yaro! Kai, don Allah waiwaya, bayanka!"

Duk Kaduna mutum ɗaya ne ke da wannan muryar. Na juya a hankali. Baffa ne, ya miƙe rabi, mayafin ya zame ya sauka a wuya, hannunsa ɗaya a sama, idonsa a kan bango. Sai ya sauko da idon, ya faɗa cikin nawa.

Duk mai wayo ya san abin da ake yi a nan. Ka mayar da kanka gaba, kai ba ka gani ba, shi ma bai gani ba. Na mayar da kan, amma zuciyata ta ƙi. Ya gan ni na gan shi. In na yi shiru zai ce yaron ba shi da tarbiyya, ya ga surukinsa ya share. Kuma ga ni zaune a kan benci, na ba babba baya. Can a kan bango an buge Shiru-shiru, an jefa shi cikin taragon kaya, an datse da kwaɗo, an kwance taragon ya fara gangarawa wajen wata karyayyar gada. Aka nuna mai jar riga tsaye kusa da shugaban maƙiya, makulli a hannunta. Rabin gidan na ihu, "Ta ci amana!" rabi na cewa ƙarya ne. Ni kuwa lissafina ɗaya ne, in gaishe shi ko kada in gaishe shi. Kafin in gama shawara ƙafafuna sun yanke hukunci. Na tuɓe takalma, na tsallake benci biyu ina taka mutane, na tsuguna a cikin ɓawon gyaɗa da tuƙar rake.

"Baffa, barka da dare. An wuni lafiya? Ya mutanen gida?"

Daidai lokacin kiɗan fim ɗin ya ɗauke. Wani ya dalle mu da tocila.

"La ilaha! Baffa mai goro!"

"Ƙanin Malam ne, wallahi shi ne!"

"Baffa, ashe ana taɓawa? Ku matsa wa Baffa ya zo gaba, ba ya gani sosai!"

Baffa ya sunkuyo, haƙoransa a datse. "Tashi, ɗan nema. Wa ya aike ka? Tashi ka ɓace mini da gani."

Na kwashi takalmana a hannu na nufi ƙofa. A bakin ƙofar na waiwaya sau ɗaya. Tarago na gudu, matar ta ɗaga hannun da ke riƙe da makullin. Wannan ne abu na ƙarshe da na gani na fim a rayuwata.

Kafin hantsi labari ya gama unguwa, kuma ba nawa ake yi ba, na Baffa ake yi. Shekaru bayan haka da bakinsa ya gaya mini cewa ya riga ya yanke zai rufa mini asiri, tunda ya ga ba na shan komai, ba na zama da 'yan iska, ko ihun ma ban cika yi ba. "Amma ka zo ka tsuguna mini a gaban jama'a," in ji shi. "To me zan ce wa Yaya ya kai ni? Dole in ce kai." Gaisuwata ce ta toshe mana hanya mu biyun.

Bayan azahar aka kira ni zauren Malam. Kawu na gefe, fuskarsa kamar an yi rasuwa. Baffa na can lungu, ya ƙi kallon kowa.

"An ce kana zuwa silima," in ji Malam.

"Ina zuwa, Malam."

"Jiya ka fara?"

Kawu ya zungure ni da gwiwa. Na gane abin da yake so, amma ba zan iya ba. "An daɗe, Malam. Duk Asabar. Kuma ina da mujallunsu a akwati."

"Wa ya tambaye ka akwati?" in ji kawu, ya dafe kai.

Malam ya ce in ɗauko. Na kinkimo akwatin a ka, na ratsa layin ana leƙena ta katanga. Da na sauke, Baffa ya ga hanyar wanke kansa ta samu, ya taso ya fizgi guda ɗaya. "Ka gani ko, Yaya? Ga abin da na je ganowa. Matan Turawa ne tsira…" Maganar ta maƙale. Shafin da ya buɗe, wata Baturiya ce mai dogon wuya, da kallabin atamfa mai ganye-ganye da gyalenta har ƙirji. Ya buɗa na gaba, haka. Na gaba, haka. Malam ya miƙa hannu ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya shafa ƙyallen da ɗan yatsa.

"Wa ya yi musu sutura?"

"Ni ne, Malam."

"Dukansu?"

"Duka, sai guda biyu da abin ya fi ƙarfin ƙyalle. Su na yage."

Malam ya ja hannun riga ya rufe bakinsa, ya daɗe a haka, kafaɗunsa na ɗan motsi. Da ya sauke, fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce yaron da ya gaishe da surukinsa a inda gaisuwar za ta tona shi, ya kuma zauna ya tufatar da takarda, ba ya jin zai wulaƙanta masa 'ya. "Amma ni mutane ke ba amanar 'ya'yansu," in ji shi. "Ba zai yiwu a ce surukina ɗan silima ne ba. Zan ba ka, in ka yi mini alkawari ba za ka ƙara kallon fim ba."

Na ce na yi. Ban tambaya har yaushe ba, kuma wannan rashin tambayar ya cije ni fiye da sau dubu. Da yamma na zauna a bayan shago na ƙone mujallun ɗaya bayan ɗaya a murhun da muke hura gawayin dutsen guga. Atamfar ce ke fara kamawa.

An ɗaura aure, kuma ban taɓa nadamar wannan ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Abin da ke tafasa mini zuciya shi ne abin da ya biyo baya. Ba a yi wata uku ba aka fara ganin Baffa a silima duk Asabar, daga baya har da Laraba, babu mayafi, da wurin zamansa, har mai gyaɗa ya san shi. In an tsokane shi sai ya ce, "Bincike nake ƙarasawa." Shi ba malami ba ne, ba a ba shi 'yar kowa a kan sharaɗi ba, aka yi dariya aka bar shi. Na taɓa cire kunya na tambaye shi yadda fim ɗin nan ya ƙare, ya ce ai bayan fitata shi ma bai iya zama ba. Abokaina kuwa da suka gane ba ni da hanyar tabbatarwa, sai suka mayar da ni abin wasa. Wannan ya ce mai jar rigar ta jefa makullin a kogi ta auri maƙiyin, wancan ya ce harbe ta aka yi, wani ya ce ai ƙanwarsa ce. Kowa na rantsuwa. Fim ɗin ya wuce wasu garuruwa bai dawo ba.

Na sha niyyar in roƙi Malam ya sassauta mini. In je, in tsuguna, in gaishe shi, nauyinsa ya danne ni, in tashi da maganata a ciki. Har Allah ya karɓi abinsa. Talabijin ta shigo gidaje, 'ya'yana suka saya, in an sa fim sai in ɗauki buzuna in koma ƙofar gida. Yau gidan Malam ɗin kansa, inda na tsuguna na ɗauki alkawarin, akwai faifan kama tashoshi a kan rufinsa. 'Yarsa ta cikinsa, wadda aka kusa hana ni don kada sunan gidansu ya ɓaci, tana da wayarta, kuma ba ta da aiki bayan azahar sai wasannin Hausa. Babu wanda ya fito ya ce jama'a, abin nan da muka ɓata wa samari suna a kansa, mun sake shawara. Shiru kawai aka yi, kowa ya zura hannu a aljihu. Na kai maganar alkawarina wajen wani matashin malami, ya ce, "Baba, wannan ai mai sauƙi ne, in rantsuwa ka yi sai ka yi kaffara." Yana magana rabin idonsa na kan wayar da ke cinyarsa. Na ce ba rantsuwa ba ce, alkawari ne na yi wa mutum, ya ba ni abu a kansa, abin yana nan a gidana, mai shi kuma ya tafi. Wa zan je in warware da shi? Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Ranar da na ga dattijon nan mai carbi, na dawo gida na kasa cin tuwo. Na yi ta faɗa, na kawo na Baffa, na kawo na faifan kan rufi. Hajiya ta bar ni sai da na gaji.

"Alhaji, faɗi gaskiya," ta ce. "Ba dattijon ne ya hana ka cin abinci ba. Matar nan ce mai makulli."

Na ture kwanon tuwon na tashi.

Ashe ta sa abin a ranta. Muna da jika, Sadiƙu, wanda shi ma shagon tura finafinai a waya yake da shi a Kawo. Ta kira shi ta kwatanta masa: siririn mutum mai gyara igiyar takalmi, da tarago, da mace mai jar riga. Ya yi kwanaki yana lalube, ran nan sai ga shi bayan azahar yana murmushi, yana miƙo mini waya.

"Tsoho, an kamo maka ɓarauniyarka. Minti biyu in ja maka zuwa ƙarshen, ka huta."

Na juya fuskata bango. "Ɗauke mini wannan abin daga gabana."

"Ba shi aka samo wa ba," in ji Hajiya. Ta karɓe wayar, ta sa tabarau, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na ɗauki tabarma na koma gindin darbejiyar tsakar gida, inda ba zan hango komai ba. Kiɗan ya riƙa fitowa ƙasa-ƙasa, kuma na gane shi, kamar jiya na bar shi. Na yi la'asar na dawo, tana ciki. Can sai na ji ta ƙwalla, "Bayanka! Kai, waiwaya mana!" Na ce a raina, jininsu ne.

Da ta fito ta zauna a bakin tabarmar, ta cire tabarau tana goge ido. "To, ina aka kwana?"

"An kulle shi a tarago. Amma tsaya, Hajiya. Anya jin nan bai shiga cikin alkawarin ba?"

"Ni 'yar Malam ce, ni na kalla. In da laifi, a gidanmu ya tsaya. Za ka ji ko in tashi?"

"Ina ji."

Ba ta jin Turanci ko kaɗan, da ido ta bi shi, yadda muke yi. Ta ce matar ta ɗaga makullin ta wurga shi kogi a gaban shugaban maƙiya, shi kuma ya yi dariya ya yarda da ita, ya janye mutanensa. Na ce ashe dai ta ci amanar.

"Kai dai ka cika gaggawa. Ka tuna a tasha, kafin a buge shi, ta yar da jakarta ta sunkuya a gabansa tana tsince kaya?"

Na tuna. Na ga wannan da idona.

"To ashe makullan biyu ne. Ɗayan a lokacin ta soke masa shi a takalmi. Tarago na gudu, gada na matsowa, ga wasu ƙatti biyu da aka bari a kan rufin taragon su tabbatar ya mutu. Sai ya farfaɗo, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sai ya durƙusa a hankali, ya kai hannu ga igiyar takalminsa."

"Sun shiga uku!" Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba, da ƙarfin da ban san ina da sauransa ba, har kaji suka watse.

Hajiya ta dube ni, ta girgiza kai. "A kan wannan aka kusa hana ka ni." Ta dafa ƙasa ta miƙe, tana kakkaɓe zani.

"Ina za ki? Ya fita ko bai fita ba? Ita kuma fa, sun gane ta?"

"Magariba ta yi. Sauran sai gobe."

"Wane irin gobe kuma, Hajiya?"

"Irin wanda ka riƙa yi mini a zauren Malam."

Ta ɗauki buta ta wuce. Mutumin da ya jira tun yana da baƙin gashi, kwana ɗaya bai kamata ya dame shi ba. Amma ya dame ni.